DARASI: TSARE KEKEN JARIRI DA KAYAN UWA A RANAR AWON YARA

Ranar awon yara rana ce ta cunkoso. Tun da sassafe mata sukan cika farfajiyar asibiti, kowace da goyonta da jakarta da katinta. Wata ta zo da laima, wata da kwanon abinci, wata kuma ta turo ɗanta a cikin keken jariri. Yara suna kuka, malamar asibiti tana kiran suna, kowace uwa hankalinta yana kan layi. A irin wannan wuri ne ɓarawo yake samun sa'a.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda uwa za ta je awo ta dawo gida da kayanta cif-cif. An ɗauki misali daga birnin Kaduna, ɓangaren da ke arewa da kogi. Amma abin da ke ciki zai amfani mutanen karkara, ko suna zuwa asibitin birni ko ɗakin shan magani na ƙauyensu.

Inda mata suke kai yara

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A arewacin kogin akwai unguwanni masu yawan jama'a, irin su Kawo, Hayin Banki, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Sarki, Unguwar Shanu, Tudun Wada da Rigasa. Akwai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Akwai kuma ƙananan asibitocin unguwa. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an tsara cewa kowace mazaɓa ta sami asibitinta na kula da lafiya a matakin farko.

Ba mutanen birni kaɗai suke zuwa waɗannan wurare ba. Mata daga Rigachikun, Mararrabar Jos, Afaka da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Igabi sukan shigo su ma. Saboda haka a ranar awo fuskoki suna da yawa, kuma ba kowa ya san kowa ba. A ƙauye baƙo ba ya ɓuya. A birni kuwa mutum zai shiga cikin taro ya fita, babu wanda zai tambaye shi daga ina.

Mene ne keken jariri?

Keken jariri wata 'yar kujera ce ko ɗan gado mai ƙafafu, wanda ake sa yaro a ciki ana turawa. Yana da rumfa ta kare rana, da birki, da ɗan kwando a ƙasa na ajiye kaya. A da irin wannan keke babba ne, mai nauyi. A shekarar 1965 wani injiniyan jiragen sama a ƙasar Ingila, mai suna Owen Maclaren, ya ƙera wani iri marar nauyi wanda ake naɗewa kamar laima. Daga nan irinsa ya bazu a duniya.

A ƙasar Hausa goyo da zane shi ne al'ada, kuma har yanzu shi ya fi yawa. Amma a birane ana ganin keken jariri a hannun wasu mata. Wata mijinta ya saya mata sabo ko na gwanjo. Wata 'yan'uwa suka kawo mata cikin kayan barka. Yana da amfani ƙwarai ga mai tagwaye, da mai ciwon baya, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa.

Abin da ya sa keken yake da daɗin amfani shi ne kuma ya sa yake da sauƙin sata. Ba shi da nauyi. Yana da ƙafafu, turawa kawai ake yi. Ana naɗe shi nan take a jefa cikin Keke Napep. Ba shi da lamba kamar babur. Kuma idan aka ga mace tana tura keken jariri a bakin asibitin yara, babu wanda zai yi zargin ba nata ba ne.

Me ya sa ɓarawo yake son ranar awo?

Dalilai huɗu ne.

Na ɗaya, hannun uwa a cike yake. Tana riƙe da yaro, tana cire masa riga domin a ɗora shi a kan sikeli, tana lallashinsa bayan allura.

Na biyu, ɗakin allura ƙarami ne. Sau da yawa ba a barin a shiga da keke, sai a bar shi a baranda ko a gindin bishiya.

Na uku, kaya suna kama da juna. Takalma iri ɗaya, laima iri ɗaya, jakunkuna iri ɗaya. Ɓarawo idan aka tare shi sai ya ce kuskure ya yi.

Na huɗu, ma'aikatan lafiya aikinsu duba yara ne, ba gadin kaya ba. Maigadi kuma mutum ɗaya ne a bakin ƙofa, ba zai iya sanin mai kowane kaya ba.

Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wani misali

A ɗauka wata mata ce ta taso daga wajen gari da ɗanta ɗan mako goma. Ta zo da keken da ƙanwar mijinta ta ba ta. A kwandon keken ta sa jakarta. A cikin jakar akwai kuɗin mota, da wayarta, da katin rigakafin yaron. Da ta iso ta ba da katin aka rubuta, aka mayar mata, ta sake jefa shi cikin jaka. Da aka kira sunanta ta ɗauki yaron ta shiga, ta bar keken a bakin ƙofa. Ta ce a ranta, yanzu-yanzu za ta fito.

Da ta fito babu keke, babu jaka. Ba ta da kuɗin komawa gida sai da wata ta taimaka mata. A gida maigida ya yi faɗa, ya ce kada ta sake zuwa asibitin nan. Ita ma tana jin kunyar komawa ba kati, tana tsoron za a yi mata tsawa. Mako goma sha huɗu ya zo ya wuce, ba a kai yaron ba. Wata tara ya zo ya wuce, ba a yi masa allurar ƙyanda ba.

A wannan misali an yi hasara biyu. Ta farko ita ce keke da jaka, kuma ana iya sayen wasu. Ta biyu ita ce rigakafin yaron. Wannan ita ce babbar hasara, domin ƙyanda tana makantar da yaro, tana kuma kisa.

Kafin a bar gida

1. Uwa ta tambayi kanta: lalle ne sai an tafi da keken? Idan yaro ƙarami ne kuma lafiyarta ƙalau, goyo ya fi. Hanyoyin cikin unguwa da yawa suna da ramuka da lambatu, keken ma ɗaukarsa za a yi. Abin da aka bari a gida ba a sace shi a asibiti.

2. A rage kaya. Abin da ake bukata shi ne kati, kuɗin mota, tsumman yaro ko kunzugu, riga ɗaya ta canji, da ruwan sha na uwa. Sarƙar gwal da kuɗin adashi su zauna a gida.

3. A yi wa keken alama. A rubuta sunan maigida da sunan unguwa da fenti a jikin ƙarfen, inda kowa zai gani. A sake yin wata alama a ɓoye, kamar ƙarƙashin kujerar, wadda mai kaya kaɗai ya sani. Ɓarawo ba ya son kaya mai suna, domin yana da wuyar sayarwa. A ɗaura ƙyalle mai haske a hannun keken domin a hango shi daga nesa.

4. A adana rasit ɗin sayen keken. Mai waya mai kyamara ya ɗauki hoton keken, ya kuma ɗauki hoton katin rigakafi ciki da waje. Zai fi kyau hoton ya kasance a wayar maigida ma.

5. A nemi kwaɗo da 'yar sarƙa, irin wadda ake ɗaure keken hawa da ita. Ana samunta wurin masu sayar da kayan keke.

6. A nemi abokiyar tafiya. Ko kakar yaro, ko ƙanwa, ko kishiya, ko maƙwabciya wadda ita ma ranar awon ɗanta ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan an isa asibiti

1. A je da wuri. Mai zuwa da sassafe tana samun wurin zama kusa da ƙofa, ta gama kafin taro ya yi yawa.

2. A gai da maigadi, a tambaye shi inda ake ajiye keke. A nuna masa alamar da ke jiki. Mutumin da aka gaisa da shi ya fi tuna fuskar mai kaya.

3. A fitar da yaro tukuna, sannan a naɗe keken. A zura sarƙa ta cikin ƙarfen jikinsa, ba ta cikin ƙafa kaɗai ba, domin ƙafar wasu kekuna tana cirewa. A ɗaure shi a jikin abin da ba ya motsi, kamar ƙarfen baranda ko ginshiƙi. Kada a tare hanya, domin ana wucewa da marasa lafiya.

4. Kada a bar komai a cikin kwandon keken. Kuɗi da waya su kasance a jikin uwa, cikin lalita ko 'yar jaka ta rataye a ƙarƙashin hijabi ko mayafi. Makullin kwaɗo ma haka.

5. Kati ya zauna a cikin leda, a jikin uwa. Leda tana kare shi daga ruwa da fitsarin yaro.

6. Idan an cire takalma, a sa su cikin leda a riƙe, ko a raba su, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

7. Idan mata biyu suka zo tare, su yi karɓa-karɓa. Ɗaya ta shiga, ɗaya ta zauna da kaya.

Akwai kuma kula da lafiyar yaro a cikin keken. Duk sa'ad da aka tsaya a taka birki. Kada a rataya jaka mai nauyi a hannun keken, domin yana iya kifewa ta baya da yaro a ciki. Kada a lulluɓe shi da bargo mai kauri lokacin zafi, domin yaro yana bukatar iska.

Yaro ba kaya ba ne

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Kada uwa ta bar yaro a cikin keke ta tafi karɓar kati, ko sayen ruwa, ko bayan gida, ko da na minti ɗaya ne. Wanda zai tura keke babu kowa a ciki zai iya tura shi da yaro a ciki.

Haka kuma kada ta miƙa jaririnta ga wadda ba ta sani ba. Gidajen rediyo da jaridu sun sha ba da labarin matan da suke shiga cikin masu jego da fara'a da daɗin baki. Sai su ce, "Kawo shi in riƙe miki, 'yar'uwa, je ki dawo." Kafin uwa ta juyo sun ɓace. Yawancin masu tayin taimako mutanen kirki ne, amma zuciyar mutum ba a fuska take ba. Uwa tana iya amsawa cikin ladabi, ta ce, "Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri, zan goya shi." Idan wata ta ce ita ma'aikaciya ce za ta kai yaron wani ɗaki, uwa ta tashi ta bi ta. Ma'aikaciyar gaskiya ba za ta hana ba.

Abin da ya fi keke daraja

Katin rigakafi takarda ce ƙarama, amma tarihin lafiyar yaro yana cikinta. A ciki ake rubuta nauyinsa, da allurar da aka yi masa, da ranar da za a dawo. Ga yadda tsarin yake a Nijeriya:

Ranar haihuwa: allurar tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna.

Mako 6, mako 10 da mako 14: allura mai kare cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Ana haɗawa da rigakafin ciwon huhu, da na shan-inna, da ɗigon hana gudawa.

Wata 6 da wata 12: ɗigon bitamin A.

Wata 9: allurar ƙyanda, da ta zazzaɓin shawara, da ta sanƙarau.

Wata 15: allurar ƙyanda ta biyu.

An fara yin allura mai kare cututtuka biyar a Nijeriya a shekarar 2012. Ɗigon hana gudawa kuma an shigar da shi cikin tsarin a shekarar 2022. Duk waɗannan kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mai karatu zai lura cewa zuwa asibiti ba sau ɗaya ba ne. Domin allura kaɗai uwa za ta je sau shida, ban da awon nauyi. Shi ya sa tsare kaya yake da muhimmanci. Uwar da aka yi wa sata a zuwa na biyu tana iya ƙin yin sauran huɗun.

Amfanin kammala rigakafi a fili yake. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji, kuma Nijeriya ce ƙasar ƙarshe da ta rabu da ita a nahiyar. Illar sakaci ma a fili take. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 mashaƙo ta ɓarke a jihohin arewa da dama. Ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Jihar Kaduna. Yawancin yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba.

Idan an riga an yi satar

1. Uwa ta fara duba yaronta, ta riƙe shi da kyau. Ta natsu.

2. Ta gaya wa maigadi da shugabar ma'aikata nan take. Wani lokaci ba sata ba ce, mai shara ne ya matsar da keken, ko wata ta ɗauka bisa kuskure.

3. Kada a yi ihun "ɓarawo" a kan wanda ake zato kawai. Taro ba shi da hankali, ana iya dukan marar laifi har ya mutu. Wanda aka kama da kaya a hannu a miƙa shi ga hukuma. Kada jama'a su ɗauki doka a hannunsu.

4. Maigida ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, da rasit da hoto da bayanin alamar ɓoye. Ya sanar da mai unguwa da 'yan sintiri.

5. Idan an haɗa da waya, a je ofishin kamfanin layin a rufe shi. Idan layin yana haɗe da asusun banki, a sanar da banki a ranar.

6. Idan kati ya ɓace, a faɗa wa malamar asibiti kafin a tafi gida. Sunan yaro yana cikin babban littafin rajista, za a duba a rubuta sabon kati. Yaron da ya tsallake ranarsa ba a sake masa allura daga farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Saboda haka ko an makara, a kai shi.

Aikin maigida da na jama'a

Tsare kaya ba aikin mata kaɗai ba ne. Maigida shi zai sayi kwaɗo, shi zai yi rubutu a jikin keke. Idan ya kawo matarsa a kan babur ko keken hawa, ya kulle abin hawansa, ya tsaya kusa da kaya har a gama. Idan tsautsayi ya faɗa, kada ya ɗora wa matarsa laifi har ya hana ta komawa. Ɓarawo ya ɗauki keke, kada maigida ya ƙara masa da lafiyar ɗansa.

Mai sayen kayan gwanjo ma yana da nasa aikin. Idan aka kawo masa keken jariri da araha ƙwarai, ba rasit, ko an kankare wani rubutu a jiki, ya yi hattara. Karɓar kayan da aka san na sata ne laifi ne a dokar ƙasa, haramun ne kuma a addini. Da babu mai saye, da ɓarawo ya daina ɗauka.

Kowace mazaɓa tana iya yin gyara da ɗan abin da take da shi. Kwamitin ci gaban mazaɓa, da masu unguwanni, da ƙungiyoyin mata za su iya zama da shugabar asibiti. Za su iya keɓe wuri ɗaya na ajiye kaya kusa da maigadi. Maƙeri ko mai walda ya kafa dogon ƙarfe na ɗaure kekuna. A yanka kwali a rubuta lamba bibbiyu, ɗaya a ɗaura a jikin kaya, ɗaya a ba mai kaya. Ba mai fita da keke sai ya nuna lambarsa. Haka ake yi wa masu babura a kasuwanni da yawa, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Rigakafi ya fi magani. Wannan magana gaskiya ce a kan cuta, gaskiya ce kuma a kan sata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kalmomin da za a koya

Cunkoso: taruwar mutane da yawa a ƙaramin wuri.
Rasit: takardar shaidar sayen kaya.
Rajista: babban littafin da ake rubuta sunaye.
Sikeli: abin auna nauyi.
Rahoto: bayanin da ake kai wa hukuma.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai huɗu suka sa ɓarawo yake son ranar awo?
2. Me ya sa ake yi wa keke alama biyu?
3. Ina ya kamata uwa ta ajiye kati da kuɗi?
4. Me uwa za ta ce wa baƙuwar da ta nemi riƙe mata jariri?
5. Yaro yana da wata nawa ake yi masa allurar ƙyanda ta farko? Ta biyu fa?
6. Idan kati ya ɓace, me za a yi?

Aikin yi a gida

Kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da sunan garinsu a jikin abu ɗaya da yake fita da shi, kamar laima ko keke ko kwano. Ya kuma ɗauko katin rigakafin wani yaro a gidansu, ya karanta ranar da aka ce a dawo, ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a inda kowa zai gani.